Tablon Mushe Isma'ila

Kwana takwas da binne malamin boko Mushe Isma'ila, sannan 'yarsa Nusaiba ta iso Garin Ɗanladi. Motar Maradi ta sauke ta a Gabi, mai babur ya ƙarasa da ita. Tun daga bakin gari ta ga an gama yankan gero, gonaki sun yi fayau, kara na kwance tuli-tuli yana jiran masu kwasa. Ba ta tambayi kowa abin da ya sa ba a gaya mata da wuri ba, don ta san wanda ya hana. Tana Yamai a lokacin, tana shirin tsayawa gaban malaman jami'a ta kare binciken da ta shekara biyu tana yi, mahaifin nata kuwa ya ɗaure ƙanensa Baba Yahaya da alkawari: ko ta Allah ta kasance, kada a kira ta sai ta gama. Baba Yahaya ya cika alkawari. Ranar da ta fito daga ɗakin jarrabawa, ƙawayenta na ta ɗaukar ta hoto, sai salularta ta yi ƙara.

Shekara ashirin da bakwai Mushe Isma'ila ya yi yana koyarwa a lakwal ɗin garin, wato makarantar boko, inda ake kiran kowane malami Mushe, kuma a duk shekarun nan bai taɓa samun ajin siminti ba. Azuzuwan siminti biyu ne, na manyan yara. Shi kuwa ƙanana yake ɗauka, ya riƙe su aji ɗaya da aji biyu, ya miƙa su gaba, ya koma ya ɗauko wasu. Ajinsa rumfar kara ce. Sai an gama girbi iyaye su kawo kara a kafa ta, ruwan farko na damina ya kayar da ita. Don haka duk ƙarshen shekara yakan ɗora tablon ajin, baƙin allon nan da yake rubutu a kai, bisa amalanken jaki ya kawo shi gida, ya jingine a ɗakinsa kada gara da ruwa su ci shi. Idan an kusa komawa, matarsa Inna Tani ce ke yi wa tablon baƙi. Tana da wata tsohuwar tukunya a bayan rumbu inda take tara matattun pil, wato batiran rediyo. Sai ta fasa su da dutse, ta kwashe baƙin garin da ke ciki, ta dama shi da jiƙaƙƙen ƙaro, ta shafe katakon da tsumma sau biyu, ta shanya a inuwa. Nusaiba ta tashi ta ga ana haka, kamar yadda ta ga ana daka ana shara.

Ciwon da dishewar murya ya faro. Kowa a garin ya ce ƙurar alli ce, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shaƙar ta dole ta taru masa a wuya. Aka yi ta ba shi zuma da citta da kanumfari, wani ya ce ya riƙa haɗiyar man shanu da safe. Shi kansa dariya yake yi, yana cewa malamin da muryarsa ba ta dishe ba bai yi aikin ba. Aka ci shekara biyu a haka. Sai da tuwo ya daina wucewa, kunu kaɗai ke sauka, sannan Baba Yahaya ya tasa shi gaba zuwa asibiti a Maradi. Likitoci suka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Sun so a kai shi Yamai, ya ƙi. Daga baya ne Baba Yahaya ya gane dalili: a Yamai ba yadda za a yi ya ɓoye wa yarinyar. Kafin gero ya yi bununi muryar ta tafi gaba ɗaya. Ya daina kiran Nusaiba, sai dai ya tura mata saƙo a rubuce, ya ce rezo ne, layin waya, ya lalace da damina. Ta yarda. Ta san ba shi da lafiya, amma a zatonta irin rashin lafiyar da ake tashi ce.

Da muryar ta tafi, tablon nan ne ya zama bakinsa. Aka matso masa da shi kusa da gado, duk wanda ya zo dubiya in ya iya karatu sai su yi hira, shi yana rubutawa yana gogewa. A nan ya rubuta wa Baba Yahaya alkawarin. Inna Tani ba ta yi lakwal ba, ita sai dai ya zana mata kofi ko buta ko mafici, wani lokaci ma tun bai gama zanen ba ta kawo.

Duk wannan ƙanwarta Sadiya ce ta ba Nusaiba labari, suna wanke-wanke a rana ta biyu da zuwanta. Sadiya tana aure a Ɗan Issa, ita ta yi jinya tare da Inna a makonnin ƙarshe. Ta ce ana saura kwana biyu ya cika, ita ta je kai yaronta wurin kakarsa, sai Baba ya tashi da wani irin ƙarfi, ya sa Inna ta tallafe shi, ya yi ta rubutu tun hantsi har azahar, yana yi yana hutawa. Da ya gama bai goge ba. Ya ɗaga hannu ya nuna wa Inna kada a taɓa. Kafin Sadiya ta dawo Inna ta juya tablon ya fuskanci bango, ta lulluɓe shi da bargon Baba, kuma har yau ba wanda ya gani.

"Na ce ta bari in karanta mata, Yaya, sai ta ce bakina ba ya riƙe ruwa balle magana. Ke take jira."

Nusaiba ta yi ta cuɗa kwanon da ke hannunta har Sadiya ta karɓe. Ita ce 'yar fari, kuma a gidansu ana kunyar ɗan fari yadda aka gada. Ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Baba kuwa sai dai ya ce "ke", in yana maganarta da wani ya ce "yarinyar nan". Bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, bai taɓa yabon ta tana ji ba. Shekara biyu kaɗai ta taɓa jin sunanta da muryarsa, lokacin da take ajinsa: kowace safiya in yana kiran suna, sai ya zo kanta ya faɗa da sauri, idonsa na cikin littafi, ya wuce na gaba. Ko saƙonninsa na waya da "Ya karatu?" suke farawa. Ta girma ba ta ɗauki abin da zafi ba, haka kowa yake yi. Sai yanzu da ya hana a kira ta, ya tafi ba ta gan shi ba, ta ji tana neman wani abu daga gare shi, ko layi ɗaya ne.

Kashegari da hantsi mata suka cika rumfar tsakar gida, 'yan gaisuwa daga garin Sarkin Yamma, Inna na zaune a tsakiyarsu da tufafin takaba. Nusaiba ta sulale ta shiga ɗakin Baba. Ɗakin na nan da warin man zafi da na alli. Rediyonsa na kan taga, gilashinsa na kan rediyon. Ta janye bargon, ta karkato tablon zuwa hasken ƙofa.

Rubutunsa ne, da Faransanci, sai dai ya yi ƙanana ya karkace, kamar an rubuta a cikin mota. A sama ya sa kwanan wata ya ja layi, yadda yake yi kowace safiya a aji. A ƙasa ya rubuta: ga malamin da zai karɓi ajin. Sannan ya jero lamba ɗaya zuwa sha huɗu. Jamila ta gidan Audu mai faci ba ta ji da kunnen hagu, a zaunar da ita inda na dama zai fuskanci malami, kuma kada a faɗa a gaban yara. Maman bahago ne, a bar shi da hannunsa. Sama'ila ba ya zuwa ranar kasuwar Gabi, ubansa ke tafiya da shi, kada a yi magana da uban, a sami kakarsa. Farida ta san amsa amma ba za ta ɗaga hannu ba, a kira ta a jira. A zuba toka a ramin kowane ginshiƙi saboda gara. Kada a bar masu sayar da ƙosai su hura wuta kusa da rumfa. Haka har ƙasa.

Ta karanta sau biyu. Ta duba gefe da gefe, ta leƙa bayan katakon, har ta durƙusa ta duba ƙarƙashi. Ba Inna, ba Sadiya, ba ita. Ta ɗauki hoton rubutun da salularta don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba, ta mayar da bargon yadda ta same shi, ta fito ta ci gaba da miƙa wa baƙi ruwa. Wata tsohuwa ta riƙe hannunta tana cewa Mushe uban kowa ne a garin nan. Nusaiba ta ce haka ne, Allah Ya jiƙan sa. A ranta kuwa wani abu ya tokare, ta rasa ko baƙin ciki ne ko fushi, ta kuma ji kunyar kanta da take fushi da mamaci.

Baƙi suka yi ta raguwa. Sadiya ta koma ɗakinta. Gidan ya rage daga Inna sai Nusaiba, sai Baba Yahaya da ke leƙowa safe da yamma. Inna ba ta taɓa cewa kai tsaye a zo a karanta mata tablon ba. Sai dai in sun gama karyawa ta ce yau ga haske mai kyau, ko ta ce ɗakin can yana so a share. Nusaiba kuwa kullum da abin da za ta ce: kanta na ciwo, ko zuciyarta ba ta yi ƙwari ba tukuna. Inna sai ta ce to, ba gaggawa. Amma Nusaiba na ganin yadda take tsayawa a ƙofar ɗakin in za ta wuce, da yadda take gyara bargon ko bai zame ba. Mace ce da ta yi shekara talatin tana yi wa mutum hidima ba ta taɓa jin ya gode da baki ba, ga shi ta yi imani ya ajiye mata maganar a rubuce. Nusaiba ta fara shirya wasu kalmomi a ranta. Tana tankaɗe tana gyara su, tana wanki tana rage su, don su yi kama da abin da Baba zai iya faɗa.

Ran wata Alhamis da la'asar Baba Yahaya ya yi sallama da baƙo a zaure, ya aika a kira ta. Saurayi ne siriri, mutumin Tasawa, sunansa Mushe Abdoul Aziz, shi aka turo ya karɓi ajin. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya yi addu'a, ya sake yin ta'aziyya, yana ta murza hularsa. Baba Yahaya ya gaji ya ce masa in ba zai faɗa ba shi zai faɗa, kada magariba ta riske su. Sannan saurayin ya ce an kafa rumfa kwana huɗu ke nan, yara sittin da uku na zaune, shi kuwa a bayan kwali yake rubutu da gawayi, na baya ba sa gani. Darakta, shugaban lakwal, ya ce masa tablon ajin yana gidan marigayi. Ya ce wallahi ya ji nauyin zuwa, amma in zai yiwu a samu kafin Litinin.

Nusaiba ta dubi tabarma ta ce za ta gaya wa Inna. Da ta shiga ciki, kafin ta buɗe baki ta ga Inna ta riga ta ji, zauren ba nisa. Ta yi ƙarfin hali ta ce ai akwai kafinta a Madarounfa, ana iya yi wa lakwal sabo, wannan a bar shi a gida yadda yake. A ranta tana ganin in aka bar shi, ƙaryar da take shiryawa za ta iya jira, ko ma a yi ta ɗagawa har abada.

Inna ta girgiza kai. Ta ce kayan lakwal ne, ba na gado ba. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa barin tablon nan ya kwana a gida ba bayan an kafa rumfa, bana ga shi har kwana huɗu. Ba za ta bari ya kwanta a kabari da kayan mutane a wuyansa ba. Ta tashi ta ɗauko ƙaro a ƙwarya ta zuba masa ruwa, ta rufe da faifai.

Ranar Asabar da safe, bayan rana ta ɗan ɗaga, su biyu suka ciccibo tablon suka jingine shi a jikin rumbu, inda inuwar darbejiya ke faɗawa. Inna ta riga ta fasa pil ɗin, baƙin gari na cikin kasko, hannuwanta sun yi baƙi har wuyan hannu. Ta wanke su, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta gyara mayafi kamar mai jiran baƙo. Sannan ta ce a janye bargon.

Nusaiba ta tsaya a gefen tablon. Ta ɗora yatsa a layin farko ta fara, a hankali, da muryar da ta yi ta gwadawa a ranta. Ta ce Baba ya ce yana gode wa Inna da haƙurin da ta yi da shi. Ya ce ya san bai iya magana ba, amma duk abin da ta yi yana gani. Ya ce ta yafe masa inda ya gaza, shi ya yafe mata duniya da lahira. Ta sauko da yatsa layi na biyu, ta ce ya ce ta kula da kanta, kada ta yi ta kuka.

Inna na saurare, kanta a sunkuye. Can ta ɗago.

"Ke. Me kike karantawa?"

"Abin da ke nan ne, Inna."

"Idonki ba ya tafiya. Shi in yana karatu idonsa tafiya yake, daga nan zuwa can. Naki a tsaye yake wuri ɗaya kamar na mai hadda." Ta nuna gefen tablon da haɓa. "Kuma ga lamba nan jere, ɗaya, biyu, uku, wannan kam na sani. Godiyar ce aka yi wa lamba? Mutumin da bai taɓa ce mini tuwo ya yi daɗi ba, sai dai ya turo kwano a ƙara masa."

Nusaiba ta sauke hannu. Ta ji fuskarta ta yi zafi kamar ranar da aka kama ta tana leƙa kayen wata, littafin rubutunta, a aji biyu.

"Karanta mini abin da ya rubuta," in ji Inna. "Ko zagi ne, nasa nake so."

Sai ta karanta. Ta fassara layi-layi, ba ta rage ba ta ƙara ba, tun daga kwanan wata har wutar masu ƙosai. Da farko Inna ba ta motsa ba. Nusaiba ta ga yadda kafaɗunta suka sauka da aka ce ga malamin da zai karɓi ajin, ta ga ta kama bakin mayafi tana nannaɗe shi a yatsa. Da aka zo kan Jamila, Inna ta ce a hankali, ƙyanda ce ta taɓa kunnen, uwar ma ba ta yarda ba har yau. Da aka zo kan Sama'ila ta ce kakar ta rasu da damina, shi bai sani ba, ba a gaya masa ba. Da aka zo kan toka a ramin ginshiƙi ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta ce tokar murhunta ce yake kwashewa duk shekara, sannan dariyar ta karye, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta yi ƙara ba. Kafaɗunta kawai ke motsi.

Nusaiba ta durƙusa a bakin tabarmar. Ita da ba ta saba ɗaga murya ba, ta ji maganar na fitowa da kanta. Ta ce ya tashi daga gadon mutuwa ya yi rabin yini yana rubutu, 'ya'yan mutane sun sami layi sha huɗu, har gara ta sami layi, su ba ko ɗaya. Ta ce ya hana a kira ta don takarda, takardar da yanzu ba ta san wanda za ta nuna wa ba. Ta ce ita ba ta san ko ya tuna da ita ba a kwanakin nan, ko kuwa ita ma ɗaya ce daga cikin yaran da ya riga ya miƙa gaba.

Inna ta bari ta gama. Ta share fuska, ta yunƙura ta tashi, ta je gaban tablon ta tsuguna. Ta kira ta da hannu. A kusurwar ƙasa ta dama, ƙarƙashin lamba sha huɗu, akwai wani wuri kamar faɗin tafin hannu inda baƙin ya koɗe har farin katako ya fito. Nusaiba ta gan shi tun ranar farko, ta ɗauka gogar bango ce.

Inna ta ce nan ne hannunsa ke kaiwa in yana kwance. Kowace safiya, in ta fita ɗebo masa ruwan alwala, sai ta dawo ta tarar ya rubuta abu ɗaya a nan, ƙarami, yana kallon sa. Da ya ji motsinta sai ya lashi babban yatsa ya goge. Tun ba ta kula ba har ta kula. Wata rana ta shigo ba takalmi ta gani da kyau kafin ya goge.

"Ban iya karatu ba, amma wannan na san shi. Shi ne a jikin jakar lakwal ɗinki, shi ne a kan akwatin da kike tafiya Yamai da shi. Na ce masa, Malam, in kira ta ne? Ya juya fuska bango, kamar na kama shi yana sata. Wata biyu yana yi. Shi ya cinye baƙin wurin."

Ko yanzu Inna ba ta faɗi sunan ba. Nusaiba ta ɗora tafinta a wurin. Katakon ya yi sumul, ya fi sauran santsi. Ba ko ɗigon alli a kai. Ta daɗe a haka, har inuwar darbejiyar ta janye daga kansu, Inna ba ta ce mata ta tashi ba.

Daga baya Inna ce ta ce a ɗauko kaye a kwafe wa yaron nan, sabon Mushe, abin da aka bar masa, tunda saƙonsa ne, su amana kawai aka ba su. Nusaiba ta kwafe duka sha huɗun da hannunta, ta ƙara a ƙasan na Sama'ila cewa kakar ta rasu, a nemi gwaggonsa. Sannan Inna ta jiƙa tsumma ta wanke rubutun daga sama zuwa ƙasa, ruwan alli na gangarowa fari-fari yana shiga ƙasa. Da katakon ya sha iska ta dama baƙin da ƙaro, ta fara shafawa da dogon hannu, yadda ta saba, daga hagu zuwa dama. Ta shafe ko'ina sai kusurwar nan. Ta tsaya, ta miƙa wa Nusaiba tsumman.

Nusaiba ta ce ko a bar nan ɗin, ai ƙasa ne, ba wanda zai yi rubutu a wurin.

"Yara ƙanana a ƙasa suke rubutu," in ji Inna. "Hannunsu ba ya kai sama. Shafa."

Ta shafa. Katakon ya shanye baƙin nan take, farin ya sake leƙowa. Inna ta ce wurin ya ji hannu, sai an ƙara masa. Ta ƙara sau biyu, sau uku, har ya zama ɗaya da sauran. Da la'asar, bayan ya bushe, ta koma ita kaɗai ta tsaya a gabansa. Da ido ba ta iya gane wurin ba. Sai da ta bi da yatsu sannan ta ji inda santsin yake.

Ranar Litinin da sassafe Baba Yahaya ya zo da amalanke. Mushe Abdoul Aziz ya karɓi takardar da hannu biyu, ya karanta a tsaye a ƙofar zaure, ya kai ƙarshe ya sake komawa sama. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Suka ɗaure tablon da igiya, jakin ya ja, Nusaiba na tsaye har suka sha kwanar masallaci.

Da ta koma ciki ta tarar Inna a ɗakin Baba tana shara. Inda tablon ya jingina duk damina ya bar layi a jikin bango. Inna ta ɗauki rediyon daga kan taga ta murɗa, bai yi magana ba. Ta buɗe bayansa ta zare pil biyu, ta fita da su zuwa bayan rumbu, Nusaiba na biye da ita. Ta ɗaga murfin tsohuwar tukunyar, wadda yanzu ba komai a cikinta, ta tsaya da pil ɗin a hannu.

"Baɗi kuma ko gidan wa za a kai shi," ta ce, ba da kowa take ba.

Daga can bakin gari ana jin muryar sabon malamin sama-sama yana kiran suna, yara na amsawa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta saki pil ɗin a cikin tukunyar, ta mayar da murfin.